Abin da Na Rufe da Gyale

…kuma ba wai ban sani ba ne, Abba, na sani. Yana nan a wani lungu na kaina, ya zauna ya ƙi tasowa. Da fankar nan za ta ɗan yi shiru, da ya taso. Ko zafin ne? Garin Rajshahi a tsakiyar lokacin mangwaro, mu a saman bene, an rufe tagogi kar wani ya jefo wani abu daga titi. Wa zai jefo? Me ma zai jefo? Matar da kamfanin da ke neman ma'aikata ya turo ta zare wayar intanet a gabanmu, ta naɗe ta a hannu kamar igiyar shanya, ta ajiye kusa da kwandon da muka zuba wayoyinmu.

Tambaya biyu ce kawai a takardar.

Ta farko — ga sunayen masu gonakin mangwaro, kowa da ƙauyensa, kowa da nauyin abin da ya kawo kasuwa. A rubuta shirin da zai sa kwamfuta ta jera su, mai nauyi a sama, marar nauyi a ƙasa. Ta biyu kuwa… na karanta ta sau ɗaya na kau da kai. Ta jira.

Jerawa. To ai na haddace jerawa. Ni ce fa, Shiuli 'yar Mokbul Masta malamin makaranta, wadda kake tsayarwa gaban baƙi tana ƙarama ta karanto shafi guda ba ta haɗiye ko wasali ba. Duk watannin da muka yi a cibiyar nan muna koyon yaren na'ura, babu shirin da Malam Tanvir ya rubuta a allo da ban kwafe na kai gida ba. Ina tsince shinkafa ina maimaitawa. Ina wanke maka zani ina maimaitawa. Har waƙafi, har baka, har ɗan gurbin da ake bari a farkon layi. Yaran ajin sun mai da ni abin wasa. Tumpa, wannan da ke zaune a damana yanzu, ita ce kan gaba: "Khala, karanto mana na ranar Talata mana, wallahi kin fi rediyo." Khala. Ban haifa ba, ban goya ba, na zama innar aji guda don kawai na girme su. Kuma in karanto. Su tafa, su yi dariya, ni kuwa can ƙasan raina daɗi nake ji, me zan ɓoye maka.

Na rubuta shi yadda na haddace. Ya fito sumul, ko jan rubutu ɗaya na kuskure babu. Na danna… ta jera su. Da suna. Abul a sama, Zahir a ƙasa. Mutumin da ya kawo kwando ɗaya ya hau kan wanda ya kawo mota shaƙe, don sunansa ya riga a haruffa.

Akwai abin da ake ƙarawa a cikin bakan nan. Kalma ce. Ko biyu? Ɗaya ta ce wa na'ura duba nauyi, bar suna. Ɗaya ta ce kifa jerin. Dole akwai. Amma Malam bai taɓa rubuta wannan a allo ba — ko ya rubuta ranar da ban zo ba, ranar da ka fice da sassafe aka tsinto ka a bakin kogin Padma kana tambayar masunta ina aka mai da makarantar…

Ɗan tsinken nan na fuskar kwamfuta yana ta ƙyaftawa. Yana jira. Shi ba inda za shi.

Mizan bai ɓoye min ba. Ɗanka ne, maganarsa miƙaƙƙiya irin taka. A waya, daga Dhaka, ana jin hon ɗin motoci a bayansa: "Ba faɗa nake ba, Shiuli. Ki gama karatun naki. In kamfanin ya ɗauke ki, shi ke nan, ku zauna ke da Abba. In bai ɗauka ba, bayan Idi zan zo da mota, a rufe gidan." Na ce to, Bhaiya. Me zan ce wa yayana, shi da ke ɗauke da mu? Wanda ya ci jarrabawar nan, ofishinsu yana nan cikin gari, keke ɗaya daga gida, in leƙo ka da rana in ga ko ka ci abinci. Wanda ya faɗi kuwa…

Ɗaki a can sama a gidan Mizan a Dhaka, taga tana kallon bangon maƙwabta. Na gan shi. Kai da ƙafarka ce kawai ta rage da sanin hanya, Abba. Kanka ya saki sunaye, ya saki ranaku, wani lokaci ya sake ni, amma ƙafar ba ta saki tsakar gidanmu ba: daga gado zuwa famfo, daga famfo zuwa gindin mangwaro, daga nan zuwa kujerarka. A ɗauke ka a kai ka inda ƙafar ma baƙuwa ce — me zai rage?

Bar wannan. Duba gabanki.

Akwai hanya. Na san akwai, tun ɗazu nake kewaye ta kamar mai kewaye kwata. Malam Tanvir ya nuna mana tun farkon zuwanmu. Wani yaro ne ya tambaye shi wani abu, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Na manta. Bari mu tambaye ta." Ya juya ga na'urar. "Ba mai riƙe wannan duka a ka, ni ma ban riƙe ba. Waɗanda suka ƙera yaren nan sun bar bayanin kowane umarni a cikinsa, ko babu intanet yana nan. Ka rubuta help, ka buɗe baka, ka sa sunan abin da ya shige maka duhu. Za ta gaya maka." Na sunkuyar da kai ranar. Kunya ce ta kama ni a madadinsa. Malami, a tsaye gaban ɗalibai, yana cewa na manta, har da dariya… Wannan darasin kaɗai ne ban kwafe ba. Ga shi kuma shi ne ya manne. Haruffa huɗu, ko na rufe ido ina ganinsu.

Matar kamfanin ta faɗa kafin mu fara. "Babu waya, babu magana, babu leƙen na kusa. Abin da ke cikin na'urar kuwa naku ne." Naku ne. Me take nufi? Da wace murya ta faɗa? Takardarta take kallo sa'ad da take faɗa, ba ta kalle mu ba. Kai ma ai haka kake yi. Kakan bar littafin amsa a buɗe a kan tebur, ka ce za ka je shan ruwa, ka fita ka tsaya a bayan taga. Ka sha ba mu labarin muna cin abinci — wane ya tashi, wane bai tashi ba. Wanda bai tashi ba shi kake yabo har ya yi gemu. To yaya zan san wannan ba irin taka ba ce? Wataƙila na'urar tana ajiye duk abin da aka danna. Wataƙila da yamma su zauna da shayinsu su buɗe, su ce ga waɗanda suka sani, ga waɗanda suka leƙa.

Parul.

Me ya kawo Parul yanzu? Ba na son Parul yanzu.

Ranar babbar jarrabawa ce a makarantar 'yan mata, ina ƙarama, Ammu mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta aiko ni da abincinka. Katanga cike da mutane — iyaye maza, yayye, kawunai, kowa ya ɗare, kowa da 'yar takarda naɗe da dutse yana jiran ɗan sanda ya juya baya. Masu ruwan kwakwa suna ciniki sai ka ce ranar kasuwa. Sunanka ake faɗa a kan katangar: "Ɗakin Mokbul Masta ne? To mai da dutsenka aljihu." Na ji daɗi, na gyara tsayuwa. Ina baranda ina leƙe ta taga sa'ad da ka tsaya a kan Parul, 'yar mai kantin magani, wadda takan ɗaure min gashi da jan zare in an aike ni kantinsu. Ba ka ɗaga murya ba. Ba ka taɓa ɗagawa ba. Hannu kawai ka miƙa. Ta warware bakin gyalenta, 'yar takarda ta faɗo, an cika ta da rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi. Ka ce, "Tashi." Ka ja jan biro a kan takardar amsarta daga kusurwa zuwa kusurwa. Ta ratsa filin nan ita kaɗai, katangar duka ta yi tsit, takalminta kawai ake ji… Ba ta sake sa ƙafa a makaranta ba. In na je sayen magani sai ta shige ciki.

A wajen cin abinci ka ce, kana cire ƙayar kifi, ko ɗago kai ba ka yi ba: "Abin da kika duba kika rubuta, Shiuli, ba ke kika rubuta ba."

Ban taɓa dubawa ba. Duk jarrabawar da na zauna a duniya, ko sau ɗaya.

Ba leƙe nake ba, gefen ido ne, ba ni na aike shi ba. Fuskar na'urar Tumpa cike take da shi — shafin bayanin nan, fari a kan baƙi, a buɗe, a fili. Tana karantawa tana taunar biro, ƙafa ɗaya a kan kujera. Ta rufe, ta rubuta, ta buɗe wani. Kamar mai ɗiban ruwa a randar gidansu. Matar ta wuce ta bayanta ɗazu, ba ta tsaya ba. Ba ta gani ba ne? Ko ta gani ta ajiye sai yamma?

Inuwar ƙarfen taga ta bar teburina ta hau na gaba. Lokaci ya ci fiye da rabi. Ina jin mai mangwaro a titi yana kiran kayansa, murya ɗaya, kira ɗaya, yana nisa.

Bari in gwada daga kaina. Wannan kalmar… jan rubutu. Wannan fa? Jan rubutu. Wai ba ta san wannan sunan ba. Ni ma ban san shi ba, ƙirƙira na yi, ina jifa a duhu, ni da ban taɓa rubuta abin da ban tabbatar ba. Gumi yana bin bayana har ƙugu.

Kwanakin baya na yanka kwali na rubuta da manyan baƙaƙe: banɗaki, kicin, ɗakin Abba. Na liƙa a ƙofofi. Likita ne ya ce a yi, bayan ranar da ƙafar ma ta ɗan ɓace maka, na same ka a tsaye tsakar gida cikin rana, zaninka a jiƙe, kana kallon ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Ina nan kusa da kai ina shanya, ka ƙi tambaya. Washegari na tarar da kwalayen a jere a kan tebur, ka ɓalle su duka, ka danne da tabaranka. Ka kalle ni da idon nan na ɗakin jarrabawa. "Wa ya liƙa amsa a bango?" Na ce, Abba, don ka huta ne. Ka ce, "Yarinya, ban san ki ba, amma a ɗakina ba a haka." Na yi dariya a gabanka. Na shiga kicin na yi abin da ba dariya ba.

Ka gwammace ka tsaya a rana. Ga ni nan ni ma, a tsaye. 'Yarka ce ni, ba sai an tambaya ba.

In na zauna haka har a tashi, hannuna tas, sunanmu tas — Mizan ya zo da mota. In na duba… in na duba wa zai sani? Kai ba za ka sani ba. Ko na gaya maka yau, gobe babu. Astagfirullah. Ji abin da nake lissafawa a kan ubana.

Amma ta ce naku ne. Da bakinta ta faɗa, kowa ya ji.

Harafi ɗaya. Yatsana ya jiƙe, ya bar tabo a kan madannin. Na biyu. Ba komai ba ne tukuna, haruffa ne, ana iya gogewa. Na uku, na huɗu. Baka. Sunan umarnin jerawa. Rufe baka. Sau ɗaya ne — in ga kalmar in rufe, ko numfashi ba zan ja ba, ba wanda zai…

Na danna.

Shafin bayanin ya cinye tagar aikina duka a fuskar na'urar. Ina aikina? Aikina ya ɓace, rubutu ne kawai, Turanci, fari a kan baƙi, ya fi na Tumpa haske, na rantse ya fi, har na bayana zai iya karantawa. Idona ya faɗa kai ya tashi, ban ga komai ba, layuka ne suna rawa. Rufe. Yaya ake rufewa? Tumpa da yatsa ɗaya take rufe nata — wane? Na danna na sauka layi, ba ta motsa ba. Na danna na gogewa. Na danna na kusurwa. Ta yi ƙara, ɗan ƙara siriri, amma ya cika ɗakin. In na rufe tagar gaba ɗaya aikina ya tafi da ita. In na kashe na'urar, haka. Malam ya faɗi yadda ake fita, tabbas ya faɗa, a ƙarshen darasin nan da na sunkuyar da kai…

Takalmi. Tana tahowa ta layinmu. Ba ta sauri.

Hannuna ne ya yi, ban sa shi ba. Gyalena yana kan fuskar na'urar. Na zare shi daga kafaɗa na yafa mata yadda ake rufe abinci saboda ƙuda, ga ni zaune a miƙe, hannu a kan cinya, ina kallon furannin yadin. Haske yana ratsowa ta cikinsu.

Ta tsaya.

"Apa, lafiya?" Apa ta kira ni. Ta ba ni girman yaya, ba ta kai ni shekaru ba.

"Hasken ne… yana damun idona."

Madannai suna daina ƙara ɗaya bayan ɗaya, har na can baya. Fanka kaɗai.

"Ɗaga gyalen."

Ita ma ba ta ɗaga murya ba.

Na ɗaga. Ba na'urar take kallo ba. Ta karɓi gyalen tana girgizawa, tana bin bakinsa da yatsa, ta ɗaga madannai ta leƙa ƙarƙashi, ta ce in buɗe tafin hannu. Waya take nema. Ko 'yar takarda. A jikina. A ɗakin jarrabawa ana laluben bakin gyalen 'yar Mokbul Masta, rabin yaran nan iyayensu a hannunka suka yi karatu, labarin zai riga ni sauka bene, ya riga ni shiga unguwa… Gara da kanka ya saki, Abba. Yau kaɗai na ce gara.

Sai yanzu ta kalli fuskar. Ta karanta. Ta kalle ni. Ta sake kallonta.

"Wannan kike ɓoyewa?"

Daga dama, ƙasa-ƙasa, muryar Tumpa: "Khala ta haura katanga ta shiga gidan kanta." Wani ya fashe da dariya ya toshe baki. Matar ta ce a yi shiru. Ta miƙo min gyalena a ninke — ta ninke shi, me ya sa ta ninke? — ta rubuta wani abu a takardarta daidai lambar teburina, layi ɗaya, ko biyu. "Ci gaba, Apa. Saura kaɗan a tashi." Ta wuce.

Me ta rubuta? An bincika, ba a sami komai ba? A sa mata ido? Ko kawai, wannan ba ta da wayo? Kamfani zai ɗauki matar da take lulluɓe kwamfuta?

Shafin yana nan a buɗe. Kowa ya riga ya gani. Ba abin da ya rage da zan kare. To… in karanta mana.

Yatsa a ƙarƙashin layi, kalma bayan kalma, yadda ka koya min.

Gajere ne ashe. Na ɗauka kogi ne, bai kai tafin hannu ba. Layin farko sunan umarnin ne da bakansa, a ciki ga kalmomi biyu a zaune, kowace da abin da take ɗauka in ba a ce mata komai ba. Na ƙasa ya ce zai mayar maka da sabon jeri, daga ƙarami zuwa babba. To, wannan na sani. Na ƙasansa ya ce kana iya ba shi mabuɗi, ka gaya masa abin da zai duba wajen jerawa. Kana kuma iya kunna ɗaya kalmar in kana so ya kifa, babba a sama.

Shi ke nan. Abin da na zauna a kai tun inuwa tana teburina… shi ke nan.

Mabuɗi. Tsaya. Kalmar nan na san ta. Tana cikin shirin neman ɗalibin da ya fi maki, wanda yaran suke sa ni karantowa, layin kusa da ƙarshe — sau nawa na furta ta? Ban taɓa tambayar me take yi a wurin ba. Na ɗauka ta wannan layin ce ita kaɗai, yadda baiti yake na waƙarsa, ba a cire shi. Ashe ana ɗaukarta a kai wani wuri. Ashe duk abin da na haddace ana iya kwance shi, a ɗauki hannu a nan, ƙafa a can…

Kuma a can ƙasa, layin ƙarshe, har an haskaka shi don kar a rasa: danna q ka fita. Yana nan tun ɗazu. Yana nan sa'ad da nake dukan madannai. Yana nan a ƙarƙashin gyale.

Na danna. Aikina ya dawo, ko layi bai ɓata ba.

Rubuta. Mabuɗi — nauyi shi ne na uku a bayanin kowane mutum, na'ura kuwa daga sifili take ƙirga, to biyu ke nan. Kifa. Na tsallake baka ɗaya, jan rubutu, na mayar. Danna.

Mai motar ya hau sama. Abul da kwandonsa ya gangara ƙasa. Na bi da ido har ƙarshe, kowa a mazauninsa.

Ya kamata in ji wani abu. Ban ji ba.

Ta biyu. A haɗa nauyin kowane ƙauye wuri ɗaya. Akwai irin ma'ajin da ake yi wa wannan, kowane suna da adadinsa a gabansa. Na haddace yadda ake buɗe shi. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake ƙara wa ƙauyen da bai shiga ciki ba tukuna. Haruffa huɗu, baka, sunan ma'ajin. Ko jinkiri babu, yatsun sun tafi da kansu, har abin ya ba ni tsoro — da sauri haka? Mutum yana sabawa da sauri haka?

Wannan shafin dogo ne. Yana gangarawa, yana gangarawa. Umarni bayan umarni, kowanne da 'yar jimlarsa a ƙasa. Wa ya zauna ya rubuta wannan duka? Wani ne, ko wata, a garin da ban san sunansa ba, ya gama ƙera abinsa bai tashi ba, ya zauna yana yi wa mutumin da bai zo ba tukuna bayani. Bai ce ai an koya miki ba. Bai ce ina kike ranar ba. Ya san za a manta. Shi da ya ƙera ma, wataƙila don kansa ya fara rubutawa…

Ga shi. Ina jin wannan ne — wanda ya ce in abin da ka nema babu shi, a ba ka wanda ka zaɓa a madadinsa. In ce sifili. In ƙauyen bai shiga ba, sifili, sannan a ƙara nauyin. Haka ne? Tsaya in sake karan—

"A ɗaga hannu daga madannai. An tashi."

Kujeru suna ja. Wani yana miƙa yana hamma.

Tambaya ɗaya cikin biyu. Da layi ɗaya ko biyu a takardarta waɗanda ban san me suka ce ba. Ta biyun nan ina ganin ta yanzu gaba ɗayanta, 'yan layuka ne, ga su a jere a kaina tun daga farko har ƙarshe, ba damar taɓawa. Lokacinta na kashe ina gadin ƙofar da aka bar min a buɗe. Ba wanda ya ƙwace min. Ni na…

Wayata tana cikin kwando. Mizan zai kira kafin in kai titi. Yaya, Shiuli? In ce masa me — rabi? Ana rufe rabin gida ne?

Matar tana bi tebur-tebur tana kwashe aiki, ta kusa. Tumpa ta taɓa kafaɗata. "Khala, tashi mana, mu je mu sha shayi." Babu dariya a muryar. Na ce ku je, ina zuwa. Ƙafata ba ta da niyyar tashi, bayana ya manne da kujera.

Hannuna yana kan cinya yadda aka ce. Amma ba a ce a rufe ido ba. Akwai wani umarni can ƙasa, ban taɓa jin sunansa ba, jimlarsa ta fara a nan ta ƙarasa a layin da fuskar ta yanke. Sai an gangara kaɗan. Kaɗan kawai, dannawa ɗaya, kuma an ce kar a taɓa…